Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Ƴan uwa ɗalibai, tambayar da nake so mu tauna tare ita ce: shin mutum yana ɗaukar hakkin ɓarnar da bai gani da idonsa ba, wadda ta faɗa kan halittar da bai san ko sunanta ba, alhali hannunsa a cikin ɓarnar bai fi ƙwayar gero ba? Na zaɓi in ɗora tambayar a kan teku, don ba na jin akwai abin da ya fi shi nisa da mu. Ƙasarmu ba ta da bakin teku ko na taku ɗaya. Daga Yamai zuwa Kwatano tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. Da yawanmu za mu tsufa ba mu taɓa sa ƙafa cikin ruwan gishiri ba.

Na san amsar da za a ba ni a fada tun shayin farko bai sauka ba: "Kai malam, mi ya haɗa mu da teku? Mu da ke neman na tuwo, ka bar masu teku su ji da tekunsu." Wannan magana ba ta wofi ba ce, akwai gaskiya mai yawa a cikinta, kuma zan ba ta hakkinta. Amma kafin a yi shari'a sai an ji abin da ya faru.

Abin da ke faruwa a teku

Duk lokacin da aka ƙona isansi, ko gazuwal, ko gas, ko gawayin ƙasa, ko aka gasa dutse don yin siminti, wata iska tana fita wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Ita ce iskar karbon, wadda muke rubutawa CO2 a aji. Kafin zamanin masana'antu, in ka ƙirga ƙwayar iska miliyan ɗaya, wajen 280 ne nata. A 1958, lokacin da wani masani Ba'amurke mai suna Charles Keeling ya fara aunawa a kan dutsen Mauna Loa na tsibirin Hawai, ya samu wajen 315. Yau an wuce 420. Kowace shekara duniya tana sakin wajen tan miliyar 37, wato miliyan dubu 37, daga mai da gas da gawayin ƙasa da siminti.

Ba duka ke tsayawa a sama ba. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu teku ke shanyewa. An daɗe ana ganin wannan alheri ne tsantsa, tunda da ba don teku ba, da zafin da muke kuka da shi ya fi haka. To amma Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza. Idan CO2 ta narke cikin ruwa sai ta zama wani ɗan tsami mara ƙarfi, irin wanda ke cizon harshe in ka sha lemon kwalba mai gas.

Abin da ke biyo baya, kowace uwa a gidajenmu ta san shi ko da ba ta taɓa shiga lakwal ba. In miyar yakuwa ta yi tsami, ana jefa mata ƴar kanwa, ta yi kumfa, tsamin ya mutu. Ruwan teku kamar ruwa ne da aka jiƙa wa kanwa kaɗan tun asali. Yana ɗauke da wani sinadari da ake kira karbonat, mai kashe tsami. Duk tsamin da ya shiga sai ya cinye wani abu daga wannan kanwar. Inda matsalar take shi ne, wannan karbonat ɗin dai shi ne tubalin da halittu masu ɓawo ke gina gidajensu da shi. Suna haɗa shi da kalsiyom su yi abin da muka sani a jikin alli da kwanson ƙwai da katantanwa. In tubali ya yi ƙaranci, gini ya yi wuya. In ya ƙara yin ƙaranci, ruwan da kansa sai ya fara kankare ginin da aka riga aka yi.

Ana auna tsami da ma'aunin pH. Lamba 7 ita ce tsakiya, ƙasa da ita tsami ne, sama da ita ɓangaren kanwa ne. Ruwan saman teku ya sauko daga wajen 8.2 zuwa wajen 8.1 cikin shekara ɗari biyu da ƴan kai. Wani zai yi dariya ya ce duk wannan surutun a kan 0.1 ne? Ku tuna darasin lise: a wannan ma'auni, kowane taki ɗaya ninki goma ne. Don haka wannan ƴar saukowa tana nufin tsamin ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100. Har yanzu teku yana ɓangaren kanwa, harshen mutum ba zai ji bambanci ba. Amma in aka ci gaba da ƙone-ƙone ba sassauci, masana suna hasashen ya kai wajen 7.8, ko ma ƙasa da haka, kafin shekarar 2100.

Waɗanda abin ya fara taɓawa

A gabar yammacin Amurka, a jihar Oregon, akwai masu kiwon kawa, wata halittar teku mai ɓawo biyu da ke rufewa kamar tafin hannu biyu. A 2007 da 2008 ƴaƴan kawar da suke ƙyanƙyasawa cikin tankuna suka riƙa mutuwa da miliyoyi. Da farko an zargi ƙwayar cuta. Daga baya aka gano ruwan da suke jawowa daga teku ne. A can iska takan tura ruwan sama gefe, ruwan ƙasa mai sanyi ya taso, shi kuwa dama cike yake da CO2, ga kuma ƙarin da ɗan Adam ya yi masa. Jaririn kawa yana da kwana biyu kacal na farko da zai gina ɓawonsa, in ruwan bai ba shi tubali ba shi ke nan. Kun san da me suka ceci sana'arsu? Suka fara auna ruwan kullum, suna zuba masa karbonat na soda, ɗan uwan kanwar nan tamu ta Manga. A cikin tanki dabarar ta yi aiki. Amma teku ya rufe wajen kashi 70 cikin 100 na fuskar duniya. Ayarin raƙuma nawa zai kai masa kanwa?

Akwai kuma wasu ƴan mitsi-mitsin dodon koɗi masu iyo, ba su fi ƙwayar wake ba, masu ɓawo siriri kamar ɓawon albasa. Turawa suna ce musu malam-buɗe-littafin teku saboda yadda suke kaɗa fiffike cikin ruwa. Abinci ne ga kifaye da yawa da tsuntsaye da manyan dabbobin ruwa. A 2012 masu bincike suka ba da rahoton cewa sun samo su a tekun da ke kewaye da Antaktika, suna raye amma ɓawonsu ya fara zaizayewa.

Wanda ke son ganin gobe tun yau, akwai wurin da ke nuna ta. Kusa da tsibirin Iskiya na ƙasar Italiya, CO2 tana ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin teku saboda aman wuta na ƙasa, ba hannun kowa. Binciken da aka buga a 2008 ya nuna cewa, gwargwadon yadda ka matsa kusa da ɓuɓɓugar, gwargwadon yadda ire-iren halittu ke raguwa. Masu ɓawo su ke fara ɓacewa. Ciyawar teku kuwa sai ta yi lif, don ita CO2 abinci ce gare ta. Kenan teku ba zai mutu ƙurmus ba. Zai koma kamar gonar da aka bar wa ƙaya da tumfafiya: kore ne, amma ba abin kai wa rumbu.

Sai murjani, wanda mutane da yawa ke zaton dutse ne, alhali ƙananan dabbobi ne da ke gina duwatsun alli a ƙarƙashin ruwa. Wurin da suka mamaye bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ire-iren halittun teku a nan suke fakewa. Ɗumamar ruwa tana kashe murjani, tsami kuma yana hana shi saurin sake gini. A bayan duk waɗannan halittu akwai mutane: sama da mutum miliyar 3 suna samun wajen kashi ɗaya cikin biyar na abincin gina jiki na dabba daga kifi da danginsa.

Uzuri na farko: ya yi mana nisa

Bari mu fara da kalmar da ta fi kowace yawo a bakinmu, wato kuɗi. Asalinta jam'in wuri ce. Wuri kuwa ɓawon wata ƴar halittar teku ne, mafi yawansa daga tsibiran Maldib na tekun Indiya aka kwaso shi. Lokacin da Bajamushen nan Barth ya ratsa Tasawa a 1851, da wuri ya tarar ana ciniki. Kakanninmu sun biya sadaki da shi, sun biya haraji da shi, har yau in kuɗi sun yi yawa muna cewa wuri na gugar wuri. Irin wannan ɓawon ne ruwa mai tsami ke kankarewa.

Ƴan Adar kuma sun san wani abu da ya fi wannan. A kan duwatsun yankin Tawa ana tsintar katantanwa da bushiyar teku da suka zama dutse. Dalili shi ne, wajen shekara miliyan 60 da suka wuce, teku ne kwance a wurin, har zuwa ƙasar Sakkwato. Farin dutsen da ake haƙa a Malbaza don yin siminti, mafi yawansa ɓawon halittun wancan teku ne da ya taru ya daskare. Su suka ɗaure karbon cikin ɓawonsu suka kwanta da shi. In aka gasa dutsen sai ya saki CO2 ɗin, ta hau sama, wani kaso nata ya faɗa teku ya je ya ci ɓawon wata halitta mai rai a yau. Duk buhun simintin da aka yi, a ko'ina cikin duniya, haka lissafinsa yake, kuma siminti kaɗai yana ba da wajen kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na CO2 da duniya ke saki.

Ga kuma tukunya. Kifin ƙanƙara da ake sarewa a kasuwannin Maraɗi da Damagaram daga teku ya zo. Sardin na gwangwani da muke sa wa burodi lokacin jarrabawa, mafi yawansa daga Maroko yake. Gabar Maroko da Muritaniya da Senegal tana da arzikin kifi ne saboda ruwan ƙasa mai sanyi da ke tasowa, irin dai na Oregon. Gaskiya, abin da ya fi gallabar masuntan can a yau shi ne manyan jiragen da ke kwashe kifi, da masana'antun da ke niƙa shi su yi abincin dabbobi, da ɗumamar ruwa. Tsami kaya ne da ake ƙara wa jakin da ya riga ya gaji. Ruwan daminarmu ma daga teku yake tasowa, iskar kudu maso yamma ke kawo mana shi daga mashigin Gine. Tsami ba ya hana ruwan sama, amma hayaƙin da ke tsamama teku shi ne dai ke ƙara mana zafi yana rikita mana damina. Cuta ɗaya ce ta fito ta wuri biyu.

Don haka nisan da muke faɗi nisan ido ne kawai. Amma ko da a ce babu wuri, babu Malbaza, babu sardin, ni a ganina nisa bai taɓa zama hujja ba. In ka harba kibiya ta tsallake katanga ta samu wani, ba za ka ce wa alƙali ai ban gan shi ba a sallame ka.

Uzuri na biyu: rabonmu kaɗan ne

Wannan ya fi na farko ƙarfi nesa ba kusa ba. Ɗan Nijar ɗaya, a matsakaici, yana sakin wajen kilo 100 na CO2 a shekara daga mai da gawayin ƙasa da siminti. Ba'amurke ɗaya yana sakin wajen tan 14. Wato abin da shi zai saki cikin kwana uku, mu sai mun shekara. Afirka gaba ɗaya ba ta kai kashi 4 cikin 100 na abin da duniya ke saki ba. Cikin mutum biyar a ƙasarmu, wajen ɗaya ne ke da wutar lantarki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Duk wanda ya zo ya ce wa mai kabu-kabu ko matar da ke hura murhu su ne suka ɓata teku, ya yi musu ƙazafi. Akwai hayaƙin larura, akwai hayaƙin jin daɗi, kuma ba daidai ba ne a ɗora su a sikeli ɗaya.

Amma a nan nake so mu raba abu biyu da muke yawan cakuɗawa: laifi da nauyi. Ku ɗauki tafkin gari. Attajiri yana kawo shanu ɗari kullum suna shiga suna dama ruwan, talaka yana kawo akuya ɗaya. Ranar da tafki ya lalace, in za a yi adalci, kuɗin gyara bisa yawan dabbobi za a raba shi, mai shanu ne zai biya kusan duka. Wannan shi ne laifi, kuma ana auna shi da girman hannu. Sai dai mai akuya ba zai ce tafkin ba ruwansa ba, tunda nan ƴaƴansa ke sha. In ya ga ana ɓarna ya yi shiru, ya rage wani abu da ke kansa. In kuma gobe Allah ya buɗa masa ya samu shanu ɗari, ba zai kora su cikin tafkin ya ce ai wane ma haka ya yi ba. Wannan shi ne nauyi. Sani ke ɗora shi, da iko, ko da laifi bai kai ƙwayar gero ba.

Akwai wani abin lura kuma. Maganar "nawa kaɗan ne" ba mu kaɗai ke iya yin ta ba. Mai babbar mota a Teksas shi ma zai iya ɗaukar alƙalami ya raba tan 14 ɗinsa da tan miliyar 37, ya nuna maka cewa nasa ba ya ko ganuwa. Lissafinsa daidai ne. Kowane mutum ɗaya a duniya, nasa kaɗan ne. In muka yarda cewa ƙanƙantar rabo tana wanke mutum tas, to mun ba shi sabulun da zai wanke kansa, an wayi gari teku ya yi tsami ba wanda ya yi. Hujjar da ta kamata mu riƙe ita ce ta larura da adalci, wadda mu muke da ita shi ba shi da ita.

Inda maganar ta zo gida

Yanzu ga wurin da ya fi wuya, kuma ban ga amfanin kewaye shi ba. Tun 2011 ake tace man Agadem a matatar Damagaram, mai ƙarfin ganga 20,000 a rana. A 2024 kuma aka fara fitar da ɗanyen mai ta bututun da ya kai kusan kilomita 2,000, daga Agadem zuwa Seme a gabar Benin, wanda aka tsara ya kai ganga 90,000 a rana. Ganga ɗaya in an ƙona ta tana ba da sama da kilo 400 na CO2. Ku buga lissafin da kanku: in bututun ya yi aiki cikakke, wajen tan miliyan 14 ke nan a shekara, ninkin-ba-ninkin abin da mu duka muke ƙonawa a cikin gida. Mai akuya ya fara tara shanu, ko da a garken wani suke kwana.

Wani zai ce, ai wanda ya ƙona shi ne mai laifi, mu sayarwa muka yi. Wani kuma zai ce, sun ci sun ƙoshi shekara ɗari biyu, yanzu da aka zo kanmu za su ce a ɗauki azumi? Na fahimci zafin wannan magana, ni ma ina jin sa. Ba na cikin masu cewa a toshe rijiyoyin mai a bar yara ba asibiti ba makaranta. Ƙasar da ke da buƙata irin tamu tana da hakkin cin arzikin da ke ƙarƙashinta, kuma waɗanda suka fi kowa ƙonawa su ya kamata su fara ragewa, su kuma biya. Amma ku lura da wa muke bi bashin. Muna bin Turai da Amurka da Sin da sauran manyan masu hayaƙi. Ba ma bin kawa bashi, ba ma bin masuncin Senegal, ba ma bin jikokinmu. Ruwa bai san ganga ta mai gaskiya da ta azzalumi ba, duk tsami ɗaya suke zama. Wanda ya rama zalunci a kan wanda bai zalunce shi ba, sabon zalunci ya buɗe.

Abin da nake gani shi ne, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. In za mu ci kuɗin mai, askin shi ne mu sa su inda za su fid da mu daga dogaro da mai. Rana muna da ita har ta yi mana yawa. An buɗe tashar hasken rana mai megawat 7 a Malbaza a 2018, da ta Goru Banda kusa da Yamai mai megawat 30 a 2023. Sun yi kaɗan, amma sun nuna abin mai yiwuwa ne. In kuɗin mai suka tafi a manyan motoci da bukukuwa, to mun ƙara wa teku tsami, mun kuma tashi hannu wofi, sannan mun zubar da hujjar larura da muke tinƙaho da ita.

Masu cewa hannu ɗaya ba ya canza komai kuwa, amsarsu tana cikin gonakin iyayenmu. Tun tsakiyar shekarun 1980, manoman jihohin Maraɗi da Damagaram suka fara barin tohon gawo da sauran itatuwa a gona, suna sassabe suna kula da su maimakon tumɓukewa. An ƙiyasta abin ya kai hekta miliyan 5 da itace wajen miliyan 200. Ba don teku suka yi ba, don gero da harawa da itacen girki suka yi. Ba kuma zai warkar da teku ba. Amma kowane manomi cikinsu zai iya cewa gawona ɗaya me zai hana hamada, kuma da duk sun faɗi haka da yau ba ko ɗaya. Da kaɗan-kaɗan aka ɓata, da kaɗan-kaɗan kuma aka taɓa gyarawa, a nan ƙasar tamu.

Hakkin wanda ba ya kuka

Saura tambaya ɗaya. Duk abin da na faɗa zuwa nan, amfanin mutum nake ta kawowa: kifi, damina, masunta. To ita halittar da kanta fa? Tun muna yara aka koya mana cewa dabba tana da hakki. Kada a yi wa jaki lodin da ya fi ƙarfinsa, a wasa wuƙa kafin yanka, kada a ɗaure akuya a rana ba ruwa. Amma ku duba, duk waɗannan dabbobi ne masu kuka, masu ido da za su kalle ka. Tausayinmu kunne yake bi da ido. Ɗan dodon koɗin nan na tekun Antaktika ba shi da murya, ɓawonsa yana narkewa a cikin duhu inda ba mai gani. In hakkin jaki ya tabbata saboda shi mai rai ne da ba mu muka halitta ba, to hakkin wannan ma ya tabbata. In kuwa sai an yi kuka muke jin hakki, to kukan ne ke damunmu, mun fi son kunnenmu ya huta.

Waɗanda ba a haifa ba ma haka suke, ba su da murya. Tarihin ƙasa ya nuna irin tsawon bashin da ake ɗaukar musu. Wajen shekara miliyan 56 da suka wuce, karbon mai yawa ya taɓa fita sama, teku ya yi tsami, ƙananan halittu masu ɓawo na ƙasan teku da yawa suka ƙare. Teku ya warke, domin ruwan sama yana wanke duwatsu a hankali yana kai masa sabuwar kanwa ta koguna, amma sai da aka ɗauki sama da shekara 100,000. Masana sun ƙiyasta cewa saurin da muke saki yau ya ninka na wancan lokaci wajen sau goma. Abin da aka ɓata daga zamanin kakan kakanmu zuwa namu, gyaransa zai ɗauki lokacin da ya ninka duk tarihin da aka rubuta sau da yawa.

Abin da ya hau kanmu

Amsata ga tambayar da na fara da ita ke nan: laifinmu kaɗan ne ƙwarai, kuma kada mu bari kowa ya kumbura mana shi. Nauyi kuwa yana kanmu, musamman mu da aka kai makaranta, don mu ne muka sani. Wanda ke neman na tuwo ba a tambayarsa pH. Mu za a tambaya.

Nauyin bai fi ƙarfinmu ba. Mu iya bayyana wannan abu da Hausa, da kanwa da yakuwa, ta yadda tsohuwa za ta gane. Wanda ke da ƙanne, ya jefa guntun alli ko kwanson ƙwai cikin ruwan lemon tsami ya bar su su ga kumfar da idonsu, ya gaya musu cewa na teku bai kai haka ƙarfi ba, amma ba ya tsayawa dare da rana. Mu riƙa tambayar inda kuɗin mai ke shiga, mu tambaya da ladabi amma kada mu gaji. Mu tuna cewa a 2015 Nijar tana cikin ƙasashen da suka amince da muradun ci gaba na Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma na 14 a cikinsu ya ambaci rage tsamin teku ƙarara, ba a ware ƙasashen da ba su da gaba ba. Wakilanmu in sun je taron yanayi su nemi hakkinmu da babbar murya, mu kuma mu tabbata abin da muke yi a gida bai ƙaryata su ba. Cikinmu akwai masu karatun kimiyyar ƙasa, da na sinadarai, da na shari'a, da na lantarki. Su za su zauna a ofisoshin da za a yanke shawarar tashar gawayi ko ta rana nan da shekara ashirin.

Na san akwai waɗanda ba su gamsu ba, musamman a kan maganar mai. Wanda ke ganin talaka ba shi da wani nauyi sai ranar da ya ƙoshi, ya rubuto hujjarsa a buga a fitowa ta gaba, mu karanta a fada mu yi gardama. Abu ɗaya nake roƙo: ya faɗa mana ranar da za a ce an ƙoshi, da kuma wanda zai riƙa biyan bashin kafin ranar ta zo.